Cokalin Gwajin Lasifika

A cikin jakar aikina akwai ƙaramin cokalin shayi da kofin gilashi mai tsaga a baki. Duk yaron da ya shigo atiliyenmu, wato shagon gyaranmu, koyon aiki, abin da yake fara tambaya ke nan: "Tanti Ramatu, shayi ake sha a wurin aiki?" Sai sauran su yi dariya, ni kuma in yi shiru, domin ban iya dogon bayani da baki ba. Shi ya sa na zauna na rubuta muku. Kun ɗauka aikin sono, wato haɗa mikoro da lasifika a wurin taro, jona wayoyi ne kawai, a murɗa maɓalli, a koma gefe ana latsa salula. To ku karanta.

Sana'ar nan ta shigo gidanmu ne ta hannun wani Bayahude. Mutanen Zongo Baba Haruna suke ce masa. Daga Maroko ya zo tun yana saurayi, yana gyaran rediyon jiragen ruwa a tashar Kwatano. Garin ya karɓe shi, ya buɗe shago a bakin unguwarmu, bai sake komawa ba. Mahaifina, Malam Idi, shi ne yaron shagonsa na farko. Baba Haruna ba ya taɓa ko maɓallin fitila daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, mahaifina kuma da hantsin Juma'a yake ajiye aiki ya tafi shirin masallaci. Baba Haruna yakan ce, "Idi, ni da kai mun cinye wa shagon nan kwana biyu, amma dubi yadda Allah yake ciyar da mu da sauran." Abin da ya koya wa mahaifina, shi mahaifina ya koya mini: kunne kafin hannu. Kada ka kwance na'ura sai ka saurare ta, ka kuma sunsuna ta. Abin da ya ƙone yana da warinsa, abin da ya saki yana da ƙararsa.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai, lasifikar wani mai tallar magani ce da ta daina magana. Mahaifina 'ya'ya mata kaɗai Allah ya ba shi, ni ce kuma wadda ba ta son fita wasa. In an neme ni, ina ƙarƙashin teburin atiliye da tsofaffin littattafan gyaran rediyo na Faransanci da Baba Haruna ya ba shi. Ran nan ya miƙo mini lasifikar ya ce in gwada. Na ɓare takardar da take bakin lasifikar a hankali, na cire naɗin wayar da ya ƙone, na naɗa sabuwar jar waya siririya kamar gashi, layi kusa da layi, ba hawa ba rata. Kafin a manna, ana cusa yankakken tsohon hoton asibiti a kewaye don naɗin ya zauna a tsakiya, sannan a bari gam ya bushe. Na ƙosa, na zare yankakkun tun gam yana ɗanye. Mahaifina ya jona, ya karkata kunne, ya ce, "Tana jan ƙafa. Sake." Sau da yawa na sake kafin mai magani ya karɓi kayansa.

Da hannun mahaifina ya fara rawa, ni na riƙe ƙarfen liƙi da dalma, shi ya riƙe kunne. Da ya rasu, mutane ba su samu lokacin tambayar ko mace tana iya wannan aikin ba, domin bikin Asabar an riga an kama mu. Haka na ci gaba da biki da suna da wa'azi, da masallatai uku da mahaifina yake kula da lasifikarsu. Karatun jami'a da nake yi yanzu a Abomey-Calavi, cikin yaran da na girme su, daga baya na shige shi. Safiya ta makaranta ce, yamma da ƙarshen mako na aiki ne.

Garin nan yana da abokan gaban sono guda uku, ku haddace su. Na farko iskar teku. Gishirinta yana cin bakin waya da noti da duk wani ƙarfe da aka manta ba a shafa masa mai ba. Na biyu wutar da aka ɗauke ta dawo da ƙarfi. In an ɗauke wuta, kafin ka yi salati ka kashe ampli, wato akwatin da yake ƙara wa murya ƙarfi. Na uku kuka. Kuka shi ne ƙarar nan mai huda kunne da take tashi idan mikoro ya ji abin da lasifika take faɗa, ya mayar mata, ita ma ta mayar masa. Duk wanda ya yi ta ƙara maɓalli don mai magana ya yi nesa da mikoro, kuka yake gayyata. Maganinsa ɗaya ne: a kusanta mikoro da baki. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu cokali. Kowane mai sono in ya gama haɗi, yakan ɗauki mikoro ya ce, "Alo, alo, ɗaya, biyu." Ni a wurin biki nakan iya, ko da yake ba na so. A masallaci ba hali. Lasifikar tana saman hasumiya, duk Zongo za ta ji, kuma malamanmu da yawa suna ganin muryar mace ba ta hawa can. Mahaifina ne ya nemo mini dabara. In na buga cokali a bakin kofi, na ji siraran sautuka. In na ƙwanƙwasa katakon tebur, na ji masu kauri. Tsakiya kuwa, inda muryar mutum take zaune, cokali ba ya kaiwa, sai in ari muryar ladan. Ampli tana wani ɗan ɗaki mai ƙofa ta waje, nan nake zama tsakanin salloli. Sai in leƙa in ce, "Malam Tanko, ka ce wani abu." Shi kuma kullum ya kama mikoro ya ce, "To me zan ce?" Wannan ya ishe ni.

Shekarar da ta fi kowace muni ta fara da ruwa. Na kai manyan lasifikoki biyu unguwar Ladji don wani biki, na bar su a ɗakin masu gida, ruwan tafki ya tashi ya shiga har gwiwa. Katakon ya kumbura ya buɗe, takardun suka zama kamar kunu. Ban gama farfaɗowa ba sai ga masifa ta biyu. Ina canza waya a ɗaya daga cikin masallatan, dab da azahar, Malam Tanko ya kunna ampli don ya shirya kiran salla, ban sani ba. Ina durƙushe kusa da mikoro, na ja waya na ji ta maƙale, na ce, "Malam, ɗaga ƙafarka, ka taka mini waya." Daga saman hasumiya maganar ta fita, tas, ba ko kuka, domin gyaran ya yi kyau. Masu shago sun ji, masu alwala sun ji, matan da suke cikin gida sun ji.

Kafin la'asar yara sun raɗa mini suna Ladaniya. In na wuce a kan zem, wato babur ɗin haya, sai in ji daga baya, "Ɗaga ƙafarka!" Wannan mai sauƙi ne. Masallatai biyu suka aiko a karɓi makullansu. Masu wa'azi suka daina kirana, kuma a Zongo wanda masu wa'azi suka bari, masu biki ma sukan fara ja da baya. Saura masallaci ɗaya, wanda Alhaji Sabi'u mai atamfa yake shugabantar kwamitinsa. Abokin mahaifina ne. Ya kira ni shagonsa ya ce, "Na tsaya miki don Idi. Amma sharaɗi ɗaya, Ramatu. Kada a sake jin ki." Wannan masallacin, musamman aikin tafsirin azumi, shi ne sandar da ta tokare atiliyen nan. Muddin ana ganina da makullinsa, sauran mutane suna da hujjar kirana. In ya tafi, sai dai mu rufe.

Aikin da nake so ku fi lura da shi ya zo ne bayan rasuwar Baba Haruna. Ya tsufa ƙwarai, an kai gawarsa ƙasar waje wurin danginsa. Bayan wata guda aka shirya masa taron addu'a a tsakar gidansa na nan Kwatano, kamar yadda muke sadakar arba'in, don mutanen garin da ya zauna da su. 'Yarsa ce ta zo atiliye da kanta. Maryamu ita kaɗai ya haifa. A nan ta tashi kafin ta tafi karatu, tana jin Hausar kasuwa sarai. Gajeruwa ce, ko kafaɗata ba ta kai ba.

"Ramatu, ke ce da girma haka? Na bar ki a ƙarƙashin tebur kina wasa da dalma."

"Yaya Maryamu, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana."

Ta zauna a kan wata tsohuwar lasifika ta ce tana son sono, domin gidan yana bakin babban titi, kuma mutane za su yi yawa. Sannan ta rage murya. "Akwai addu'ar da ɗan mamaci yake yi a tsaye a gaban jama'a, su kuma suna amsawa. Babana ba shi da ɗa sai ni. Ni zan yi."

"An yarda mace ta yi?"

"A wurin ibadar da nake zuwa an yarda. A wurin baffana ba a yarda ba. Ya ce shi zai yi, ni in zauna cikin mata in saurara." Ta dube ni. "Shi ya zo wa babana sau nawa? Ni na juya shi a gado, ni na ba shi ruwa a cokali. Ƙanwata, ki bar mini mikoro a buɗe, shi ke nan."

Na ce to. A bakina "to" ba ta da nauyi, ita ce kalmar da nake fita da ita daga kowace magana.

Halina ne in abu ya dame ni in je in karanta a kansa. Na shiga ɗakin karatu na jami'a na nemo abin da zan iya samu. Na ga addu'ar ba ta ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba, girmama sunan Allah ce da roƙon zaman lafiya, kuma a ƙarshen kowane sashe mai yi yakan ce wa jama'a su ce amin. Na ga ba a yin ta sai da mutum goma na addinin, kuma a wurin masu riƙo da tsohuwar hanya maza kaɗai ake ƙirgawa. Na ga malamansu sun daɗe suna saɓani kan mace: wasu sun hana, wasu sun yarda in namiji yana yi tare da ita, wasu sun yarda ba sharaɗi. Na karanta har kaina ya yi ciwo. Ban ga inda aka rubuta abin da mai sono za ta yi ba.

Ranar taron na isa tun rana tana tsaka. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an raba su biyu da layin tukwanen furanni, maza a dama, mata a hagu. Na ɗora lasifika ɗaya a kowane gefe, na kafa sandar mikoro a gaba ta ɓangaren maza, na kai teburina can bayan mata. Dattawan Zongo suka fara shigowa da manyan riguna. Wani ya dubi tukwanen ya ce, "Ashe su ma sun san abin da ya kamata." Alhaji Sabi'u yana cikinsu, ya zauna a kujerar ƙarshe, tsakanina da shi tukunya ɗaya.

Ƙanen Baba Haruna, Mesiyo Dauda, dogo ne, da 'yar hula a tsakar kai. Shi ya gwada mini mikoro, don haka na ɗaga sandar daidai bakinsa na ɗaure. Notin ya yi mini gardama wajen ɗaurewa, gishiri ya fara cinsa, na ce a raina in na koma zan sa masa mai. Na daidaita komai a kan muryarsa mai kauri. Da ya gama sai ya biyo ni har tebur, ya yi magana da Faransanci, a hankali.

"Madam, in 'yar yayana ta matso kusa da mikoro, ki kashe."

Na ci gaba da duba wayoyina.

"Ki saurare ni. Da ƙyar na tara mutum goma, wasu daga Lome, wasu daga Legas. Akwai waɗanda in suka ji mace tana jan addu'a a lasifika, tashi za su yi. Ko mutum ɗaya ya fita, babu goma. In babu goma babu addu'a, ba tata ba, ba tawa ba. Yayana ya zauna a garin nan shi kaɗai ba mai amsa masa amin, kuma a ce yau ma haka? Ba ƙin ta nake yi ba. 'Yata ce." Idanunsa sun yi ja. Ya jira amsa, ni kuma na ce to.

Alhaji Sabi'u ya ji Faransanci a kasuwa fiye da yadda yake nunawa. Mesiyo Dauda yana juyawa ya yafito ni.

"Ramatu, na ji abin da ya ce. Addinin mutane ne, kuma babba ya yi magana. Ke kin san daga inda muka fito, ni da ke. Azumi ya matso, kwamiti zai zauna kan tafsiri, kuma akwai masu neman dalili. Kada in ji, kada in gani."

"To, Alhaji."

Na koma teburina da "to" uku, kowace tana cin 'yar'uwarta. Sai na yi wata dabara da na ɗauka ta fitar da ni. Na ce ba zan taɓa komai ba. Ba zan kashe ba, ba zan ƙara ba. Yadda na daidaita haka zai zauna, duk wanda ya tambaye ni in ce ban taɓa ba. Na sa hannuwana biyu cikin hijabi na riƙe su.

Aka yi jawabai. Wani tsohon ma'aikacin tasha ya ba da labarin rediyon jirgi, wani dattijon Zongo ya ce bai taɓa jin Haruna ya yi rantsuwa kan farashi ba. Ni ina kallon allurar ampli mai nuna ƙarfin murya tana hawa tana sauka, ina sauraron janareta, ina ƙirga baburan da suke wucewa a titi ba don komai ba. Sai Mesiyo Dauda ya ce lokacin addu'a ya yi, mutanensa suka miƙe. Kafin ya taka, Maryamu ta tashi daga cikin mata, ta ratsa tsakanin tukwane biyu, ta tsaya a gaban sandar. Wurin ya ɗauki gunaguni. Mesiyo Dauda ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai kan allura.

Ta fara. Na ga leɓɓanta suna motsi, allura ba ta motsa ba. Mikoro yana can sama da goshinta, an kafa shi don dogon namiji, ita kuma muryarta ta yi ƙasa, ga janareta, ga titi. Ko na kujerar farko ba ya jin ta. Na ɗago kai sai na ga Mesiyo Dauda ya ɗan sunkuya mini, alamar godiya. Ya ɗauka na kashe. Na waiwaya, Alhaji Sabi'u ma yana gyaɗa kai. Sannan Maryamu ta tsaya da karatun, ta juyo, ta nemo ni ta saman kawunan mata har ta same ni.

Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi gare shi, ga abin da ban sani ba sai ran nan. Babu wani wuri a kan teburin sono da ake kira ban taɓa ba. Tun da na ɗaure sandar a tsawon wani, na riga na zaɓi wanda za a ji.

Na fitar da hannu na tura maɓalli sama. Allura ta ɗan girgiza. Na ƙara kaɗan, sai na ji siririn fito yana tasowa daga lasifikar hagu, kuka yana buɗe baki. Na dawo da shi da sauri. In kuka ya tashi a tsakiyar addu'ar mamaci, ba wanda zai yafe mini, har ni kaina. Daga tebur ba abin da ya rage. Maganin ɗaya ne, kuma yana can gaba, bayan tukwane, a tsakiyar maza.

Ban san yadda na isa ba. Na san dai hijabina ya kama reshen fure, na fizge shi. Na kama notin sandar na murɗa, ya ƙi. Na sa hannu biyu, ya ƙi, gishiri ya riƙe shi gam. Mutane suna kallo, ina jin numfashin na gaba. Sai na zare mikoro daga mariƙinsa, na tsaya a gefenta, na kai shi dab da bakinta, ɗan karkace don kada numfashi ya buga. Na kai yatsa na ƙwanƙwasa kansa sau ɗaya, saboda sabo. Lasifika biyu suka amsa.

Ta sake farawa daga farko. Muryar ta fito siririya, tana rawa, amma kowace kalma ta isa har bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin goman, wani mai farar riga, ya rufe littafinsa ya nufi waje. Na ga fuskar Mesiyo Dauda, ban so na gani ba. Ya kira mutumin da wata kalma ɗaya a yarensu. Mutumin ya kai ƙofar gida, ya ɗora hannu a kan ƙyaure, ya tsaya. Bai juyo ba, bai fita ba. Sai Mesiyo Dauda ya rufe ido ya kama karatun shi ma, ba mikoro, da babbar murya, yana bin ta a baya da rabin kalma.

Suka kai inda ake cewa jama'a su amsa. Mutanensu suka amsa. Dattawan Zongo ba su san ko kalma ɗaya a addu'ar ba, amma kunnen da ya saba ba ya shawara da mai shi, suna jin kalmar suka ce, "Amin." Ni ma na ce. Na manta bakina yana kusa da abin da nake riƙe da shi. Ta fita ta lasifika biyu, ta bugi bango ta dawo mini. Tun ranar ɗaga ƙafarka ban sake jin muryata ta dawo mini daga lasifika ba. Na dafe baki da ɗaya hannun, na riƙe mikoro har suka gama.

Ina naɗe wayoyi Maryamu ta zo ta kama wuyan hannuna. "Hannunki yana ta rawa, shi ya sa muryata rawa."

"A'a, Yaya, taki ce."

Ta yi dariya da hawaye. Mesiyo Dauda bai yi mini magana ba. Ya dai tsaya kusa da teburin yana kallon titi, ya ce, kamar da iska yake, "Bai fita ba. Goma ne." Alhaji Sabi'u kuwa na neme shi, kujerarsa ba kowa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Duk zem ɗin da ya tsaya a ƙofar atiliye sai in ɗauka ɗan aiken karɓar makulli ne. A aji malami yana rubutu a allo, ni ina lissafin yadda zan gaya wa mahaifiyata. Labari ya zaga Zongo, an ƙara masa gishiri: wai Ladaniya ta ja wa Yahudawa salla. Wata rana na hango wani mai sono na Godomey a bakin masallacinmu, yana ɗaga kai yana kallon hasumiya kamar mai auna ta. Na koma ta wani layi.

Sai Alhaji ya aiko. Na same shi a shago yana ninke atamfa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba.

"Ramatu, na ce kada in ji, kada in gani."

"Haka ne, Alhaji."

"Na gani, na kuma ji. Kurma ma ya ji."

Ya kaɗe atamfar ya ci gaba.

"Har wasu suna cewa wai ni ma na ce amin. Ni tari na yi."

"Haka ne, Alhaji."

Ya ninke turmi ɗaya ya ajiye, ya ɗauko wani. "Ranar da aka binne mahaifina, Haruna ya rufe shago ya bi mu. Ya tsaya a bakin maƙabarta cikin rana, bai shiga ba, bai tafi ba, har muka fito." Ya gyara gefen atamfar ya daɗe yana gyarawa. "Kwamiti ya zauna. Akwai masu son a ba ɗan Godomey. Na ce musu can gidan mutane ne, ba masallaci ba ne, sharaɗinmu na masallaci ne. An bar miki bana. Bana na ce, ki ji da kyau."

"Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara girma."

"Gobe da hantsi ki je, ampli tana kuka tun shekaranjiya." Na miƙe, na kai bakin ƙofa, ya ce, "Ramatu. Ki je da cokalinki."

Na je da shi. Har yau da shi nake zuwa, kuma har yau duk shekara "bana" ake ce mini, duk watan Sha'aban barcina yakan ragu. Malam Tanko yana nan, in na ce ya ce wani abu, ya ce to me zai ce. Kun ji amsar tambayarku kan kofin shayi.

Abin da ya canza ƙarami ne, kuma shi nake so ku ɗauka, tunda ku ne kuke kafa sanduna yanzu. Kada sandar mikoro ta fita daga atiliyen nan ba a sa wa notinta mai ba. In kun isa wurin taro, kada ku kafa ta a kan bakin wanda ya fara zuwa gwaji. Ku duba wurin tukuna, dama da hagu, ku nemo mafi gajarta cikin waɗanda za su iya tashi su yi magana, ku kafa ta daidai bakinsa. Dogo zai sunkuya.